Dokar Halitta da Dokar Wahayi a Wurin Tomas Akwinas: Tarke daga Zaurukan Kusfa

Ɗalibin da ya ɗauki karatun tauhidi a zaurukan Kusfa, cikin birnin Zariya, ba ya wuce layukan farko na Ummul Barahina ta Imam Sanusi (ya rasu 895 Hijiriyya, daidai da 1490 Miladiyya) sai malami ya tsayar da shi a kan rabe-raben hukunci. Matanin ya fara ne da hukuncin hankali da kasonsa uku, wato wajibi da mustahili da ja'izi. Malami kuwa yakan faɗaɗa, kamar yadda Sanusi da kansa ya yi a Muƙaddimat, ya ce hukunci iri uku ne. Akwai na hankali, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne. Akwai na al'ada, kamar cewa wuta tana ƙuna, abinci yana ƙosarwa, abin da aka sani ta hanyar maimaituwa, kuma yana iya saɓawa idan Allah Ya so. Sannan akwai na shari'a, wanda shi ne zancen Allah Maɗaukakin Sarki da ya rataya da ayyukan baligi mai hankali. Yara suna haddace wannan rabo tun kafin su san amfaninsa. Amfanin yana bayyana ne ranar da aka ajiye wa ɗalibi wata fahimta da ta cakuɗa hukunce-hukuncen uku a cikin kalma ɗaya, kuma shahararriyar fahimtar da ta yi haka ita ce wadda malaman Kirista suka gina a kan abin da suke kira dokar halitta.

Sai an fara gyara suna. Littattafan Larabci suna kiran ta alƙanunuɗ ɗabi'i, shi ya sa wasu suke fassara ta da dokar ɗabi'a. Amma ɗabi'a a bakin Bahaushe hali ce, mai kyau ko maras kyau, alhali abin da ake nufi a nan shi ne yanayin da aka halicci ɗan Adam a kansa. Saboda haka dokar halitta ta fi kusa da ma'ana. Haka kuma ba ta da alaƙa da ƙa'idojin kimiyya irin na faɗuwar dutse ko tafasar ruwa. Da'awa ce cewa akwai umarni da hani da hankali yake karantawa a jikin halittar mutum, kuma suna hawa kansa ko da manzo bai zo masa ba.

Abin da Akwinas ya faɗa

Tomas Akwinas malamin ɗariƙar Dominikan ne daga ƙasar Italiya, ya karantar a Faris, ya mutu a 1274. Maganarsa a kan doka tana cikin babban littafinsa Summa Theologiae, sashe na farko na juzu'i na biyu, daga mas'ala ta 90 zuwa ta 108. Ya bayyana doka da sharuɗɗa huɗu: ta zama tsari na hankali, a yi ta don maslahar jama'a, ta fito daga mai alhakin jama'ar, kuma a sanar da ita. Sharaɗi na ƙarshe ya kamata mai karatu ya riƙe shi, don a kansa ginin zai girgiza.

Daga nan ya kasa doka gida huɗu. Ta farko ita ce dokar azal, wato hikimar da Allah Yake tafiyar da halittu duka a kanta. Ta biyu ita ce dokar halitta, wadda ya ce rabon da mai hankali yake samu ne daga dokar azal. Ta uku dokar ɗan Adam ce, ta sarakuna da majalisu, wadda a wurinsa idan ta saɓa wa dokar halitta ta tashi daga doka ta koma ɓarnar doka. Ta huɗu dokar wahayi, wadda ya raba ta zuwa tsohuwa da sabuwa, Attaura da Linjila bisa fahimtarsu. Tushen dokar halitta a wurinsa shi ne a aikata alheri a nemi shi, a guje wa sharri. Sauran ƙa'idoji suna bin karkatar da aka halicci mutum da ita: son tsare rai, wanda ya yi tarayya da kowane halittacce a cikinsa, haɗuwar namiji da mace da renon 'ya'ya, wanda ya yi tarayya da dabbobi, sai neman sanin gaskiya game da Allah da zama cikin jama'a, wanda ya keɓanta da mai hankali. Madogararsa ta nassi ita ce wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 2, inda ake maganar al'ummun da ba a ba su Attaura ba amma aikinta yana rubuce a zukatansu. Kayan aikinsa kuwa na Arisɗo ne.

Adalci ya wajabta a kawar da wani zato da ya yaɗu a tsakanin ɗalibai, cewa dokar halitta doka ce da ta kori Allah daga hukunci. Wannan ba maganar Akwinas ba ce. Ya keɓe fasali guda a mas'ala ta 91 don ya tabbatar da cewa ba makawa sai da wahayi, ya kawo dalilai huɗu: makomar mutum ta lahira ta fi ƙarfin hankalinsa, hukuncin mutane yana saɓawa a kan al'amura na daki-daki, dokar mutane ba ta isa ga ayyukan zuciya, kuma ba ta iya hana kowane sharri ba tare da ta rushe wani alheri ba. Duk wanda ya karanta babin buƙatuwa zuwa ga annabci a littattafan aƙida zai ga fuskokin da ya sani. Haka nan karkata ukun da ya lissafa suna kama da larurori biyar da Imam Gazali (ya rasu 505 Hijiriyya) ya jera a Mustasfa, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, waɗanda ya ce babu wata milla da ta rasa kiyaye su. Kamar tana nan, kuma ba aibi ba ne a faɗe ta.

Dalilin da ya sa wannan babi ya yi girma a wurinsu, alhali bai zama ilimi mai zaman kansa a wurin Musulmi ba, na tarihi ne. Akwinas ya raba umarnin Attaura gida uku: na kyawun hali, na ibada, da na hukunce-hukuncen zaman jama'a. Ya ce na biyu da na uku sun faɗi da zuwan Almasihu, kuma sabuwar doka ba ta zo da umarni masu yawa a kan ayyukan zahiri ba. To, da me za a yi hukuncin ciniki da gado da yaƙi da haddi? Gurbin da fiƙihu ya cike a wurin Musulmi ya zama fili a wurinsu, sai aka cike shi da dokar Rumawa da falsafar Girkawa, aka sa dokar halitta ta zama igiyar da ta ɗaure su da addini. Mai Risala da Muhtasar a hannunsa bai taɓa jin wannan ƙishirwa ba.

Inda kalmar wajibi ta zame

A zamanin da Akwinas yake rubutu a Faris da Napoli, akwai wani malamin Malikiyya a Alƙahira, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 Hijiriyya, 1285 Miladiyya, shekara 11 bayan Akwinas. A Tanƙihul Fusuli ya warware mas'alar kyau da muni da rabon da ya zama gadon malaman usulu, har ya shiga Jam'ul Jawami'i na Subki. Kyau da muni suna da ma'ana uku. Akwai dacewa da ɗabi'ar mutum ko saɓa mata, kamar ceton wanda ruwa zai ci. Akwai kamala da naƙasa, kamar ilimi da jahilci. Waɗannan biyu hankali yana riskar su, kuma ba a yi saɓani a kai ba. Ta uku ita ce aiki ya zama sababin yabo da lada, ko zargi da azaba, a wurin Allah. A nan ne kawai Ash'arawa suka ce sai da shari'a, Mu'utazilawa irin su Alƙali Abduljabbar (ya rasu 415 Hijiriyya) suka ce hankali ya isa.

Idan aka ɗora maganar Akwinas a kan wannan ma'auni, za a ga duk abin da ya kawo na karkatar halitta yana tabbatar da ma'ana ta farko da ta biyu ne. Mutum yana son rayuwa, yana son zuriya, ilimi kamala ne gare shi. Wannan hukuncin al'ada ne da aka sani ta hanyar lura, tare da wani yanki na hukuncin hankali. Amma da ya kira shi doka, ya ce saɓa masa zunubi ne, ya tsallaka zuwa ma'ana ta uku ba tare da ya nuna gadar da ya bi ba. Wajibi a babin hankali shi ne abin da ba a sauwara rashinsa. Wajibi a babin fiƙihu shi ne abin da ake azabtar da mai barinsa. Lafazi ɗaya ne, ma'ana biyu, kuma yaron zaure ba ya yarda a musanya masa su.

Mabiyansa suna da amsa, kuma ba ta da rauni kamar yadda ake zato. Sukan ce shi bai ciro wajibci daga lura da halitta ba. Hankali mai aiki ne yake riskar alheri kai tsaye a matsayin abin nema, kuma tunda Allah ne Ya halicci wannan hankali da manufa, to dasa shi a cikin mutum ita ce sanarwar da doka take buƙata. Haka ma ya faɗa a mas'ala ta 90. Sai dai a mas'ala ta 94 shi da kansa ya yarda cewa rassan wannan doka suna iya gogewa daga zuciya saboda muguwar al'ada ko gurɓatacciyar fahimta, har ya kawo misalin Jamusawan dā waɗanda Yuliyas Kaisar ya ba da labarin cewa ba su ɗauki fashi laifi ba. Ga tambayar da ba a amsa ba: dokar da al'umma guda ta tashi ta tsufa ba ta ji ta ba, da wace ma'ana aka ce an sanar da ita? Idan abin da ba ya gogewa shi ne kawai a yi alheri a bar sharri, to wannan bai raba gardama tsakanin mutum biyu ba, domin ɗan fashin ma yana ganin alheri yake nema. Alƙur'ani ya rataya yankewar hanzari ga aiko manzanni, a aya ta 165 ta Suratun Nisa'i, kuma ya kore azaba kafin aiko manzo a aya ta 15 ta Suratul Isra'i. Wannan ya fi cika sharaɗin sanarwa da Akwinas ya gindaya fiye da yadda fahimtarsa ta cika shi.

Abin lura ne cewa bai taɓa fuskantar wannan hujja daga bakin masu ita ba. Ya san Ibnu Sina da Ibnu Rushdi ta fassarar Latin. Gazalin da ya sani shi ne na Maƙasidul Falasifa, littafin da ya sa Turawan wancan zamani suka ɗauka Gazali almajirin Ibnu Sina ne. Malaman kalam kuwa ya san su ne ta hanyar Bayahuden malamin nan Musa bin Maimun (ya mutu 1204), wanda ya kawo ra'ayoyinsu don ya rushe su. Mustasfa ba ta isa hannunsa ba.

Wuraren gwaji

Ana gane ƙarfin ƙa'ida ne a inda ta ci karo da nassin mai ita. Littafinsu ya ba da labarin umarnin da aka yi wa Annabi Ibrahim, alaihis salamu, na yanka ɗansa, wanda su suke cewa Is'haƙa ne, mafi yawan malaman Musulmi kuma suka ce Isma'ila ne. Ya kuma ba da labarin umarnin da aka yi wa Bani Isra'ila na tafiya da kayan Misrawa. Idan haramcin kashe marar laifi da cin dukiyar wani dokar halitta ce da ba ta canzawa, yaya aka yi umarni da su? Amsar Akwinas ita ce Allah ne Mamallakin rai da dukiya, don haka abin da aka yi da umarninSa ba kisan kai ba ne, ba kuma sata ba ce. Amsa ce mai kyau. Ita ce kuma ainihin maganar Imam Ash'ari: zalunci shi ne tasarrufi a cikin mulkin wani ko ƙetare iyakar da aka gindaya, kuma babu ɗayansu da yake sauwaruwa a haƙƙin Allah. Da aka matsa wa ƙa'idar, sai ta fake a gidan abokin gardamarta.

Mas'alar auren mace fiye da ɗaya ta fi wannan bayyana, kuma ita ce ta fi shafar ƙasar Hausa. A sharhinsa na littafin Bitrus Lombad, wanda almajiransa suka cika ƙarshen Summa da shi, ya ce aure yana da manufa ta farko, wato haihuwa da reno, da manufa ta biyu, wato zaman lafiyar gida. Ya yarda cewa tara mata bai rushe ta farko ba. Abin da ya ce shi ne yana wahalar da ta biyu saboda kishi, don haka ya saɓa wa rassan dokar halitta, ba tushenta ba, kuma Allah Ya yi wa annabawan farko rangwame a kai. Manufa ta uku da ya ƙara, cewa aure alama ce ta Almasihu da ikilisiya, aƙida ce tsantsa, hankali bai san ta ba. Wato da aka tace, hujjar halitta ta koma cewa kishiyoyi suna faɗa. Wannan hukuncin al'ada ne, kowace unguwa ta san shi, kuma shari'a ta yi maganinsa da sharaɗin adalci da rabon kwana, ba da haramci ba.

Riba ma haka. Akwinas ya haramta ta da hujjar hankali, cewa mai karɓar ta yana sayar da abin da babu shi, tunda amfanin kuɗi shi ne kashe shi. Fafaroma Benedik na 14 ya nanata haramcin a 1745. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare cocin ya daina tsananta wa masu karɓar ruwa matsakaici. Halittar mutum ba ta canza ba a tsakani, kasuwa ce ta canza. Musulmi ma sun yi hilolinsu a wannan babi, kuma littattafan fiƙihu shaida ne, amma nassin yana nan yana tuhumar mai hila. A muhawarar Bayadolid ta 1550 a ƙasar Sifen kuwa, Sefulbeda ya halatta yaƙar mutanen asali na nahiyar Amurka da hujjar halitta, Las Kasas ya haramta da hujjar halitta.

Ba Musulmi kaɗai suka ga wannan ba. Dans Skotus (ya mutu 1308) ya taƙaita dokar halitta ta haƙiƙa ga abin da ya shafi haƙƙin Allah, Wilyam na Okam ya mayar da wajibci ga nufin Allah, malamin Furotesta Kal Bat kuma ya yi wa abokinsa Emil Buruna raddi mai zafi a 1934 a kan ko akwai sanin Allah ta hanyar halitta. Ta ɗaya gefen, Hugo Gurotiyas a 1625 ya ce dokar za ta tsaya ko da an ƙaddara babu Mahalicci, duk da ya kira ƙaddarawar saɓo. Ta wannan ƙofa aka fitar da ita daga coci zuwa kotu.

Yadda ta iso Zazzau

Mishan ɗin da ya shigo birnin Zariya ba na Katolika ba ne. Likita Walta Mila na ƙungiyar CMS ta cocin Ingila ya zauna cikin ganuwa daga 1905, ya buɗe makaranta da wurin shan magani, har aka mayar da mishan Wusasa a 1929, kuma yana cikin manyan waɗanda suka fitar da cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mutanensa masu dogaro da nassi ne, ba almajiran Akwinas ba. Duk da haka mas'alar aure ta biyo su: taron bishop-bishop na Lambet na 1888 ya hana a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, taron 1988 kuma ya sassauta bisa sharuɗɗa, bayan matsin lamba daga cocin Afirka.

Hanyar da dokar halitta ta taɓa malaman birni da gaske ita ce kotu. Dokokin kotunan gargajiya da Gwamna Lugga ya kafa daga 1900 sun bar alƙalai su yi hukunci da fiƙihun Malikiyya, amma an hana yanke gaɓa da duk wata uƙuba da aka ce ta saɓa wa adalci na halitta da jinƙai. Dokokin da suka biyo baya sun faɗaɗa sharaɗin: ba a zartar da wata ƙa'ida ta gargajiya, kuma shari'ar Musulunci a nan aka sa ta, idan ta saɓa wa adalci na halitta da daidaito da lafiyayyen lamiri. Lauyoyin Ingila suna nufin abu taƙaitacce da wannan lafazi a mafi yawan lokaci, kamar a saurari ɓangare biyu, kada mutum ya yi alƙalanci a shari'ar kansa. Amma asalinsa sananne ne. Wilyam Balakston, a sharhinsa na dokokin Ingila na 1765, ya sa dokar halitta a saman kowace dokar mutane. Tsarin Akwinas ne aka kifar: a wurinsa wahayi yana gyara kuskuren hankali, a nan kuwa an saukar da shari'a zuwa matsayin dokar ɗan Adam, aka ɗora hankalin jami'in mulkin mallaka a kanta yana tacewa. Alƙalin da ya ƙare Muhtasar da Tuhfatul Hukkam sai ya jira Razdan ya duba ko hukuncinsa ya dace da halitta.

Shari'ar da aka ɗaukaka daga Haɗeja a 1959 ta nuna yadda abin yake da sarƙaƙiya. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta soke hukuncin da aka yanke wa wani da ake tuhuma da fashi saboda ba a ba shi damar kare kansa ba, ta ce ƙa'idar da aka dogara da ita ta saɓa wa adalci na halitta. Ba a musun cewa sauraren wanda ake tuhuma adalci ne. Abin da ake tambaya shi ne ko sai an aro shi. Babin i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, yana cikin Tuhfa ta Ibnu Asim (ya rasu 829 Hijiriyya) tare da 'yan wuraren da aka keɓe, kuma alƙalan Arewa sun san shi. Da gyaran ya fito daga wannan babi da ya zama ijtihadi. Da ya fito daga waje sai ya zama shaida a kan fiƙihu cewa bai san adalci ba. A wannan shekarar aka zartar da kundin Final Kod, bayan kwamitin masana na 1958 wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. Kundin ya fara aiki a 1960, kuma a Kongo, bayan ganuwar Zariya, aka riƙa koya wa alƙalai shi.

Yau kalmar tana dawowa ta fuskar zumunci. Fafaroma Liyo na 13 ya mayar da karatun Akwinas ginshiƙin makarantun Katolika a 1879, Fafaroma Bulus na 6 ya kafa hujja da dokar halitta a kan hana ɗaukar ciki a 1968, kuma a taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994 fadar Fafaroma da wasu ƙasashen Musulmi sun tsaya gefe ɗaya a kan zubar da ciki. A Nijeriya ma malaman addinan biyu sun goyi bayan dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a 2014. Haɗa kai a kan hana ɓarna ba shi da laifi. Abin da ake jin tsoro shi ne mai wa'azi ya saba da cewa abu kaza haramun ne saboda ya saɓa wa halitta, ya manta cewa da wannan lafazin aka hukunta gidan mahaifinsa mai mata uku, kuma masu kare abin da yake suka su ma da halitta suke kafa hujja, suna cewa haka aka halicce su.

Wasu kan gudu daga wannan su faɗa wani ramin, su ce hankali ba shi da ta cewa a kyau da muni. Ba haka Alƙarafi ya ce ba. Fiɗira tabbatacciya ce a aya ta 30 ta Suratur Rum, Suratush Shams kuma ta ambaci cewa an kimsa wa rai sanin fajircinsa da taƙawarsa. Maturidawa sun ce hankali yana riskar kyau da muni a wasu ayyuka, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka ce ayyuka suna da siffofin kyau da muni na haƙiƙa amma azaba ba ta sauka sai bayan manzanci, Shaɗibi kuma (ya rasu 790 Hijiriyya) ya ciro manufofin shari'a ta hanyar bibiyar nassoshi ɗaya bayan ɗaya. A duk waɗannan hankali mai shaida ne da ake karɓar shaidarsa, yana fahimtar nassi, yana gano illa, yana auna maslaha. Kujerar alƙali ce ba a ba shi ba.

Amfanin saɓanin yana fitowa fili a mas'alar mutanen fatara, waɗanda kiran manzo bai isa gare su ba. A tsarin Akwinas irin wannan mutum mai laifi ne a kan abin da ya saɓa na dokar halitta, domin an riga an sanar da shi a zuciyarsa, kuma wasiƙar Romawa ta ce ba shi da hanzari. A wurin Maturidawa ana tambayarsa sanin Mahalicci, ba a tambayarsa rassan shari'a. A wurin jumhurin Ash'arawa, wanda shi ne karatun zaurukan Zariya, ba a azabtar da shi, wasu malamai kuma suka tafi a kan hadisan jarrabawa a ranar alƙiyama. Mas'alar ba ta littafi kaɗai ba ce a ƙasar da Maguzawa suka zauna ƙarnoni a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, tafiyar yini ɗaya daga manyan makarantun ilimi, har 'yan mishan suka same su a can. Idan wajibci yana rataye da isar kira ne, to tambayar farko game da su ba ta hau kansu ba, ta hau kan waɗanda aka ɗora wa isar da kiran.